Hannun Hagun Kaka

Houston, 4 ga Maris

Kaka Alcide,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya jikin kuma? Mama na gaishe ka.

Kaka, wata alfarma nake nema, sau uku ina yaga takardar nan. Ka tuna kiɗan gangunan da ka naɗa mini bara a sutudiyo, kafin hannunka ya fara rawa? Na ɗora waƙata a kai. Akwai wani a ajinmu, Darnell, shi zai rera ta a bikin makaranta. Muryarsa irin ta mutanen cikin littattafan da nake karantawa ce, in yana magana ƙasa nake kallo. Ya saurara, ya ce, "Celestine, wannan ai kiɗan rakiyar gawa ne." Bugu tamanin da huɗu ne a minti, shi yana son casa'in da shida. Manhajar kwamfutata za ta iya ƙara saurin ba tare da sautin ya sirance ba. Ka yarda?

Jikarka,
Celestine

Lafayette, 11 ga Maris

'Yar gidana,

Na ga takardarki. Wato har an samu mai ƙwace min ke, ina nan ina gyangyaɗi? Ki ce masa shi ne gawar.

Na yarda, amma da sharaɗi. Makirufo takwas aka kafa wa gangunan nan, kowanne da sautin da ya ɗauka. In za ki ƙara saurin, ki ja su duka tare, kamar mutum takwas sun ɗauki teburi ɗaya. Kada ki taɓa bugu ɗai-ɗai. Za ki ji hannuna na hagu yana ɗan makara, ki bar shi, da gangan ne. Ki yi haƙuri da rubutun, alƙalamin ne ke gudu.

Ki gaida uwarki.
Kakanki

Houston, 25 ga Maris

Kaka,

Ina gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba.

Na yi yadda ka ce, na ja su tare, kuma ya yi daɗi. Sai Darnell ya zo ɗakin kiɗa na makaranta ya tsaya a bayana. Allon kwamfuta yana da layuka a tsaye, inda kowane bugu ya kamata ya faɗa. Ya nuna da yatsa yana dariya, ya ce, "Kai, tsohon nan ko layi ɗaya bai samu ba!" Kunya ta kama ni, Kaka. Kunyar a ce kai ne kakana na ji, shi ne abin da ya fi ci min rai. Akwai maɓallin da ke jawo kowane bugu ya zauna kan layi. Na danna. Ya ce yanzu ne aka yi kiɗa, har ya dafa kafaɗata. Na adana sabon a kan na asalin, na rufe.

Da na dawo gida na saurara. Bugun agogon bango ne kawai. Na nemi na farkon ko'ina, babu. Don Allah kana da wani kwafin?

Celestine

Lafayette, 2 ga Afrilu

Celestine,

Lafiya lau muke. Babu wani kwafi. Sutudiyon ya rufe, yanzu wanki ake yi a wurin.

Kakarki Odile tana da ciwon ƙugu tun tana budurwa, ƙafarta ɗaya takan biyo baya in tana rawa. Shekara arba'in da ɗaya ina jiran ƙafar nan da hannun hagu, har ta rasu hannun bai daina jira ba. Shi kika gyara.

Jiya na ɗauko sandunan kiɗana na zauna. Ta hagun ta faɗi sau biyu, na mayar da su jaka.

Ba faɗa nake miki ba. Kin ji kiɗan nan ya fi sau ɗari. Ki rufe layukan, ki mayar da kowane bugu baya da hannu, inda kunnenki ya tuna.

Kakanki

Houston, 30 ga Afrilu

Kaka,

Barka da war haka. Ga faifai nan a ciki. Bugun hagu ɗari uku da goma sha biyu, kowanne na tura shi da kaina. Darnell ya ce na ɓata abin, ya koma rera waƙar wata. Ban je bikin ba. Na daina gane ko tunawa nake ko ƙirƙira. Ka faɗa min gaskiya.

Taka,
Celestine

Lafayette, 8 ga Mayu

'Yar gidana,

Na saurara sau huɗu. Ba ni ba ne, nawa ya tafi. Kada ki sake tambaya.

A baiti na biyu akwai inda kika makara fiye da yadda na taɓa yi. Ban san wa kike jira a wurin ba. Kada ki taɓa shi.

Sai na ji daga gare ki.
Kakanki