Cindon Yasir

Dogon Dutsi

Zuwa ga ƙanena Luƙman,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da ɓerayen da kake kiwo a jami'a da sunan bincike.

Ɗana Yasir ya isa tafiya, amma ko zama ba ya yi. Ido na yawo, numfashi kamar ya yi gudu. Ka tuna da cindo anka haife shi, yatsa shida, ungozoma ta ɗaure da zare ya faɗi. Na bincika: kakar matata Bushira 'yar bori ce a Lugu. Doguwarsu ce ta biyo jini. Mu gidanmu ba mu gaji wannan ba. Bayan salla zan sallami Bushira. Sanar da kai nike, ba shawara nike nema ba.

Ka huta lafiya.
Yayanka, Inusa

Yamai

Zuwa ga Yaya Inusa,

Gaisuwa da girmamawa. Ɓeraye suna lafiya, kuma har yau ban ga wanda ya kori matarsa ba.

Yaya, jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, kusan kowace da ɗan gashi guda a kanta, kamar eriyar rediyo. Da shi take jin saƙo tun jariri yana ciki: ke koma can ki zama ƙwaƙwalwa, ke tsaya, yatsu sun kai biyar. In gashin ya lalace, saƙo ya rikice, sai ƙarin yatsa, ita ma ƙwaƙwalwa ba ta ginu daidai ba. Cindo shi kaɗai ba komai ba ne, amma haɗe da abin da ka lissafa, wannan nake zato. Irin wannan kuwa sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi, ko da lafiyarsu lau.

Laifi tudu ne, Yaya. Kawo yaron likita ya duba shi. Na aika wa Inna wasiƙarka can Dumega.

Ƙanenka, Luƙman

Dogon Dutsi

Luƙman,

Bayan gaisuwa. Eriya! Shekarun da ka kwashe a lakwal kana karatun boko, abin da ka samo ke nan, gashin da ba mai ganinsa sai kai? Je ka gyara rediyo a tasha, ya fi maka. Ni ɗan farin Inna ne, dube ni garau, ku ma haka. Nuna mini mutum guda a zuriyarmu mai wannan ciwo. Kai ƙarata wurin tsohuwa kuwa rashin kunya ne.

Wassalam.
Inusa

Dumega

Inusa,

Ina gaishe ka. Ƙanwarka Hasiya ka rubutawa, ni ka faɗi.

Kai da wayonka, ba ka taɓa tambayar don mi nike kiran sunanka gatsau ba? Wace uwa ka kiran sunan ɗan fari? Akwai wani gabanka. Da cindo ya zo, bai zauna ba, bai yi tafiya ba, har Allah ya karɓi abinai. Ubanka ya ce iskan gidanmu ne, ya kore ni. Sai da anka binne yaron ya aiko biko.

Kunya ta hana ni faɗin sunanai yana raye, baƙin ciki ya hana ni bayan ya mutu. Yau na faɗa: Rabilu.

Gobe ina tafe in ɗauki Bushira da jikana mu tafi Yamai. Takardar sakin, in ka rubuta, ni za ka miƙa wa.

Allah shi shirye ka.
Innarka