Sallama uku a rediyon Baba

Talata da dare, Gwammaja

Laftof ɗin da Yaya Habu ya aiko daga Amurka, don mu riƙa hira muna ganin juna, ta ƙi ganin wayfai ɗin maƙwabcina Alhaji Sule, wanda ya yarje mini in riƙa amfani da shi. Wayata na ganinsa sarai, ita kuwa ko alama.

Na kai ta wajen Malam Nura mai gyara a Ƙofar Ruwa. Ya duba ya ce, "Malam, lafiyarta ƙalau. Dokar ƙasarsu aka ɗora mata, tashoshin wayfai daga ta ɗaya zuwa ta sha ɗaya kawai take ji. Na Alhaji yana kan ta sha uku. Sai dai shi ya sauko da nasa ƙasa."

Alhaji kuma yana Umara, ɗakinsa a kulle. Datar wayata da zan jona mata ta ƙare, ga kasala.

Bayan Isha'i na kunna rediyon oba-oba na Baba, wanda yake hira da mutanen nesa da shi kafin ya rasu. Don wannan rediyon na nemi lasisi. Na faɗi lambar kiran da aka ba ni, na yi sallama ko wani zai amsa. Shuuu kawai nake ji. Na sake, na kuma.

Baba ya koya mana cewa in ka yi sallama uku a ƙofar gida ba a amsa ba, ka juya, kada ka takura wa mutane. Ni fa a zauren gidanmu nake, ina zan juya? Na gyara zama na yi ta huɗu.