Hoton Na-Baya

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da iyali da sauran 'yan ƙungiya kuna lafiya. Umma da ƙannena suna gaisuwa, mun kuma gode da tsayuwar da kuka yi mana lokacin rasuwar Baba.

Kawu, sai da na rubuta wannan wasiƙa na yage na sake, don ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba. Jiya na bi ta gaban zauren da za ku yi wasan tunawa da Baba ranar Asabar. Na ga ƙyallen da kuka rataye tun daga rufi har kusan ƙasa, an rubuta: "Allah ya jiƙan Na-Baya, mai jitar bes ɗinmu." Rubutun daidai ne. Mutumin da ke cikin hoton ne ba mahaifina ba.

Na tsallaka titi na duba daga nesa, na dawo na duba daga kusa, ko idona ne. Direban motarku ne, Dogo. Yana nan da ransa, shi ya kawo mana kujeru ranar rasuwa. Jitar dai ta Baba ce, na gane ta da tsagar da ke gefenta. Amma Baba bahago ne, shi kuwa Dogo ya rungume ta ta ɗaya ɓarin, riƙon wanda aka ce wa "riƙe min ina zuwa."

Ban gaya wa Umma ba tukuna. Don Allah a sauke shi kafin wani ya riga ni.

Ka huta lafiya.
'Yarka, babbar 'yar Na-Baya.

*

'Yata mai digiri,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, a gaishe min da Ummanku.

Kai, wannan ido naki! Da ke muka ba aikin da ba a yi haka ba. Mai buga fosta ne ya ce a turo hoto, aka tura masa na ƙungiya duka, ya ga mai riƙe da bes ya yanko shi. Ni a waya aka nuna min, ina cikin mota, na ce a buga. Dogo kansa dariya yake har da hawaye, wai matarsa ta fara karɓar gaisuwar ta'aziyya yana zaune a gefenta yana shan shayi.

Kada ki ɗaga hankalinki. Jama'a sunan za su karanta, kuma kin ji irin yabon da na yi masa a rediyo. In kina son a canza, ki turo mana hotonsa da jita a hannu. Lallai da jita, in babu ita ba wanda zai gane shi.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki.

*

Kawu,

Bayan gaisuwa, wasiƙarka ta zo, amma maƙwabciyarmu ta riga ta. Umma ta sani. Ba ta yi kuka ba, ta dai ninke mayafin da ta goge don ranar Asabar ta mayar cikin akwati.

Na juye duk hotunan ƙungiya da ke gidanmu a kan tabarma, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kana cikin kowanne. Mai ganga yana nan, masu amshi suna nan, har Dogo. Baba ba ya ciki, domin shi ke riƙe kyamara. A na dandamali kuwa lasifika ta rufe shi, sai gwiwar hannu. Shekara talatin, ba a sami wanda ya ce masa "kawo in ɗauke ka" ba?

Na ji yabon rediyo. Ka ce ya bar 'ya'ya uku. Mu huɗu ne, autarmu tana zaune tana saurare. Ka ce shi mutum ne da bai iya magana ba. Kawu, a gidan nan sai Umma ta ce ya yi shiru abinci zai huce. Yakan ɗauki ludayi ya kwaikwayi yadda kake lumshe ido in ka ja murya, mu yi ta dariya har ciki ya ƙulle.

Ka ce ba wanda zai gane shi in babu jita. Ai da jitar ma ba ku gane shi ba. Wannan ba abin dariyar shan shayi ba ne. In na yi rashin kunya ka yafe ni, amma ban ƙara komai a kan abin da ya faru ba.

'Yarka.

*

Ke yarinya,

Na amsa gaisuwa. Batun 'ya'ya bakina ne ya zame, ki ba auta haƙuri. Amma kada ki kuskura ki koya min mahaifinki. Tun ba ki zo duniya ba muke kwana a mota ɗaya.

Kin san aikinmu kuwa? Mai waƙa jama'a yake fuskanta. Ba ya waiwaye sai in wani a baya ya ɓata kiɗa, waiwayen nan zagi ne, kowane makaɗi ya san haka. Na waiwayi mai ganga har ya yi fushi ya tafi ya dawo. Na waiwayi masu amshi. Ubanki ban taɓa waiwayarsa ba, ko sau ɗaya, kuma ya sani, da shi yake taƙama. A bayana nake jin sa, nan tsakanin kafaɗu. Shekaranjiya mun yi gwaji da sabon mai bes, kowace waƙa sai na juya, yau wuyana ko motsi ba ya yi. Na kore shi, alhali bai yi laifin komai ba.

Ƙyallen ni na hau tsani na sauke shi da hannuna, da wannan gwiwar tawa. Bangon yana nan tsirara. Ki turo duk hoton da kike da shi, ko na katin asibiti ne. In ba ki turo ba haka za mu yi wasan, kuma ki gaya wa Ummanku ni ba zan buɗe baki ba sai na gan ta a zaune.

Kawunki, ko kina so ko ba kya so.

*

Kawu,

Ina gaisuwa, Allah ya ba wuya da gwiwa lafiya.

Ga hoto. Na ranar da na karɓi digiri ne, babu jita, bakinsa a buɗe yana tsokanar mai ɗaukar. Na yanke kaina daga ciki, amma hannuna ya rage a kafaɗarsa. A gaya wa mai fosta kada ya goge hannun. Kafin a buga, ka duba da idonka, ba a waya ba.

Na karanta wa Umma wasiƙarka. Ta ce a tanadi kujera biyar. Ba ta ce ta huce ba, ni ma ban ce ba.

'Yarka.