Keken Kawu a Rumfar Ɗan'iya

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, abin ya tsaya mini a rai. Ranar kasuwar Tambuwal da ta wuce, da safe, na ga keken kawuna jingine a rumfar Ɗan'iya mai sai da tsofaffin kekuna. Baƙin keke ne mai nauyi, irin na dā. Na gane shi tun daga nesa, don sirdinsa da fatar akuya aka naɗe shi.

Ni a gidan burodi nika aiki cikin gari, gidanmu kuwa ƙauye ne, kuma kullum da ƙafa nika zuwa. Kawu Na'Allah, yayan innata, ya ji labari. Bayan girbi ya tuko keken nan tun daga Fakku, ya jingine shi ƙofar ɗakina, ya ce a ajiye masa, ya hau mota ya koma. Na lura an wanke shi, an sa wa kaca mai. Na dai ɗauka ajiya ce tunda haka ya ce. Da na ga ya daɗe bai aiko ba, na ce tsoho yana can yana wahala, na sa wa keken sabuwar taya na kai masa har gida. Ya dubi keken, ya dube ni, ya ce madalla. Ko ruwa bai sa an kawo mini ba.

Ashe kyauta ce. Kowa a gidanmu ya gane ban da ni. Inna ta sani, amma ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗi, balle ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Sai daga baya ƙanwata Suwaiba ta gaya mini wai Kawu ya ce yaran yanzu sun fi ƙarfin tsohon ƙarfe.

Na sayi wani keke mai giyar canza gudu, mai sheƙi. Yashin hanyarmu ya cinye giyar, kuma babu mai gyaran da ke da kayansa. Mai gidan burodi ya fara maganar lattina. Yanzu in sayi na Kawu, ko zai zama na ƙara masa wani cin fuskar? In na bari wani zai ɗauka. Ba ni kaɗai na gan shi ba, Gazali abokin aikina da Mansur mai faci suna wurin.

Mai tafiyar ƙasa, daga gefen Tambuwal

Ɗana, ba raini ka yi ba, kuskure ka yi da kyakkyawar niyya. Shi ma Kawu yana da tasa gaskiyar. Ya ɓoye kyautar ne don kada ka ji nauyi, sai ya ga ta dawo masa da sabuwar taya, kamar ana nuna masa tasa ta tsufa.

Kada ka sayi keken a ɓoye. Ranar da ya gan ka a kai zai ce wanda ka ƙi a kyauta ka karɓa a hannun ɗan kasuwa. Ka roƙi Ɗan'iya yau ya janye shi daga gaban rumfa. Sannan ka tafi Fakku, da wani babba idan ka samu, ka durƙusa ka faɗa wa Kawu yadda ka faɗa mini, ka nemi izninsa. Kada ka tambaye shi dalilin sayarwa, wataƙila bukata ce.

Ta fuskar aiki kuwa, irin wannan keken ne ya dace da hanyarku: babu giya, kuma kowane mai faci yana da kayansa. Duk da haka ka sa Mansur ya duba ko ƙarfen jikinsa ya tsage ko an yi masa walda, ya juya wili ya gwada birki. Mai giyar ka sai da shi ga ɗan cikin gari mai hawa kwalta.

Idan Kawu ya ce a'a, ka haƙura ka nemi wani irinsa, amma ka ci gaba da zuwa gaishe shi. Allah Ya sanyaya zuciyarsa, Ya tsare maka aikinka.