Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Yaya Raki,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, sai ɗan rashin barci. GP, wato likitana, ya ce kaɗaici ne, wai in riƙa hawa keke.

Ranar Asabar Usama, maƙwabcina a unguwar Whalley Range, nan ƙasar Turawa, ya ɗora kekuna a kan mota, muka je wani daji da aka shuka itatuwan pine a jere kamar sahun sallah. Muna ta gudu a kan tsakuwa na ce, "Wai ina za mu?" Ya ce, "Ba inda za mu." Bayan awa biyu sai ga mu a gindin motarmu! Na faɗi na buge gwiwa, amma da sauƙi.

Shekara talatin Baba yana taka keke zuwa gona don ni in huta. Da wane baki zan gaya masa a nan magani ne? Ki gaishe shi kawai.

Ƙaninki,
Ja'afar