Ɗan jami'a ya ɗora ni a tsakiyar takardarsa

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karatu. A yi mini afuwa da rubutun, a ajin yaƙi da jahilci na koya, shi ma rabinsa gyangyaɗi na yi. Kada a sa sunana, kuma a bari in kai ƙarshe kafin a fara zagina.

Muna cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa. Bara waccan wani malamin jami'a, matashi mai ladabi, ya zo sabon garinmu da babbar takarda. Tambayarsa ɗaya ce ga kowane magidanci: da aka tashe ku, wa ya ba ka irin dawa? In ka faɗa sai ya ɗiga ɗigo, ya ja layi zuwa ɗigon wanda ya ba ka, har takardar ta zama kamar ragar kamun kifi. Wai yana neman wanda ya riƙe gari bayan ƙaura. Ni kuwa, da furfurata, shaiɗan ya taɓa ni. Na zagaya majalisa na ce, "Kowa ya ba shi sunana, mu ga ƙarshen boko." Aka yi ta dariya, kowa ya ce ni. Ni fa! Ni da nake cinye irina tun kafin ruwan farko! Gaskiyar ita ce Iya Delu, wata tsohuwa maƙwabciyata, ita ta ɗauko iri a tukwane ranar da motoci suka kwashe mu, ta bar gadonta ruwa ya ci. Ita ta raba wa matanmu, matanmu suka ba mu. Shi kuwa baƙo ne, ba ya shiga cikin gida, ta ina zai sani?

Na ɗauka takardar za ta ƙare a ƙunshin ƙosai. Sai ga shi makon jiya ya dawo, ya durƙusa har ƙasa, ya shimfiɗa ta a gabana. Layuka duk sun taru a ɗigo ɗaya. Ya ce, "Baba, kai ne wannan. Na karanta a gaban manyan malamai, sun yaba, a kan wannan za a ba ni babban digiri." Na ce, "Kai ɗana, ba a rage komai ba?" Ya ce, "Har sunanka na sa a shafin farko, kusa da na mahaifina." Ya ƙara da cewa ran Talatar nan da ke tafe zai kawo babban malaminsa ya ga rumbuna. Rumbun da ɓeraye ma suka yi masa ƙaura!

Abin da ya fi kashe ni, labari ya kai wa Iya Delu. Ta leƙo ta katanga ta ce, "Sarkin iri, aiko a ɗauki tukwanena ka jera, kada yaron mutane ya ji kunya." Ko faɗa ba ta yi ba. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

In na karɓi tukwanen, yaron zai gina aikinsa na rayuwa a kan ƙaryata, yana koyar da ita ga 'ya'yan wasu. In na faɗa, na tsinka shi a gaban malaminsa, shekara biyu na yawo a rana sun tafi. Yau Asabar, tukwanen suna nan ta riga ta wanke su. Jama'a, me zan yi?