Jar Shinkafarki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda nakan yi miki a durƙushe a bakin ƙofar ɗakinki, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya haskaka makwancinki. Ni ne Sule, daga Riyad. Na san ba a kai saƙo inda kike. Amma maganar ta cika mini ciki, shi ya sa na rubuta a inda jama'a za su gani, wanda ya karanta ya sa ki a addu'a.

Maganar irinki ce, Inna. Jar shinkafar nan ta fadama da kika gada daga kakata, wadda mutanen garinmu suke kira 'yar Hauwa don ke kaɗai kika rage kina shuka ta. Kin ce ni zan ci gaba da ita idan na dawo. Yau zan gaya miki inda aka kwana.

Ranar da kika rasu ina cikin kicin ɗin otal ɗin da nake aiki a kan hanyar Dir'iyya, hannuna tsamo-tsamo cikin ruwan wankin shinkafa. Kafin a bar ni in fita in kira gida, an riga an kai ki. Na nemi hutu, aka dafa kafaɗata aka ce, "Sabur ya Sulaiman, sai shekara ta cika." Na yi haƙurin don ba ni da abin yi, na koma na ƙarasa wanke buhun da na fara.

Ba ki san Ketut ba. Kuku ne a kicin ɗinmu, kuma ɗaki ɗaya kamfani ya ba mu. Mutumin wani tsibiri ne da ake kira Bali a ƙasar Indunusiya, gajere, ga dariya kamar an biya shi ya yi ta. Ba Musulmi ba ne, addinin Hindu yake yi. Na san abin da za ki ce: to, Allah Ya shirye shi, ka ba shi abinci. Mahaifinsa manomin shinkafa ne a gefen dutse, abin da ya haɗa mu ke nan.

Babu abin da ke ba Ketut haushi kamar yadda Larabawan nan ke kiran kowace shinkafa ruz. Na gona ruz, na buhu ruz, na faranti ruz. Ya ce a garinsu za a yi wa mutum dariya. Tana tsaye a gona sunanta padi. An sheƙe ta tana cikin ɓawonta, jijih. An cire ɓawon, baas. Sai ta dahu take zama nasi. Ya ce wanda bai raba su ba, bai taɓa shiga taɓo ba. Na ce masa ya sassauta, mu ma ba daga sama muka faɗo ba. Na lissafa masa shanshera da gumi da tuwo, na ɗora masa ƙanzo a kai. Ya yi ta maimaita ƙanzo yana kasa faɗa, ni kuma ina kasa faɗin nasa, shugaban kicin yana daga can yana yi mana tsawa, "Yalla, yalla!"

Yana da wata al'ada. Kullum da safe idan ya dafa 'yar shinkafarsa a ɗaki, kafin ya kai loma baki, sai ya yanka ganyen ayaba ƙanana-ƙanana, ya ɗora ɗan tsunkule a kan kowanne da ɗan gishiri, ya ajiye a bakin taga. Saiban suke ce wa abin, godiya ce a wurinsu. A garinsu ƙofar gida da bakin rijiya da gefen murhu duk ana ajiyewa, a nan kuwa a ɓoye yake yi, don ya san ƙasar da yake. Ganyen ma sai ya je kasuwar Batha ranar hutu yake samu. Ni dai ban taɓa sa hannu ba, shi ma bai taɓa ce mini in sa ba. Nakan tsokane shi cewa tattabarun unguwarmu sun fi na ko'ina ƙiba a Riyad. Idan na tayar da salla kuma, ko ana tsakiyar waya da matarsa ne sai ya fita waje.

Bayan rasuwarki da 'yan watanni, wata Juma'a da rana, ya ga na zauna na yi tagumi, sai ya zo da wayarsa don ya ɗebe mini kewa. Hoton mahaifiyarsa ya nuna mini a gona lokacin girbi. Ta tsinci zangarniyoyi mafi kyau ta ɗaure su dami ɗaya ɗan ƙarami, ta yi masa ado da furanni. Ya ce sunan damin nini, wato kaka. A ka ake ɗauko shi har gida, a sa shi a can saman rumbu, kuma ba mai cin sa. Yana ta bayani yana murmushi, ni kuwa sai wani abu ya faɗo mini a rai. Tukunyarki, Inna. Duk gaisuwar ta'aziyyar da aka yi ta yi mini a waya, ba wanda ya ambaci tukunyarki.

Ina ganinki kamar yanzu. Kafin masu yanka su shiga gona, ke kike fara shiga, ruwa har cinya, da 'yar wuƙarki, kina bi kina zaɓen zangarniya ɗaya-ɗaya kamar mai zaɓen suruka. Ina biye da ke da ƙwarya ina ƙorafin matsattsaku. Ki shanya su daban a kan tabarmarki, ki sheƙe da hannunki, ki cuɗa da toka, ki zuba a tukunyar ƙasa, ki liƙe bakin da laka, ki tura ƙarƙashin gado.

Shekarar da kogi ya yi ambaliya, shinkafar kowa ta nutse, taki kuwa ruwa na tashi tana tashi. Maza suka riƙa zuwa kallo a kwalekwale. Ba ki yi alfahari ba, kin dai ɗaura sabon kallabi kin zaga kasuwa ba tare da kin sayi komai ba.

Da shekarar da hatsi ya ƙare mana tun kafin damina ta yi nisa, muna shan kunun dusa. Na ja tukunyar daga ƙarƙashin gado, kika buge mini hannu. Kika ce, "Wannan ba ta ci ba ce, Sule. Ka sha kununka ka gode Allah." Na yi fushi da ke ranar, na ƙi yi miki magana har la'asar.

Na tashi daga gaban Ketut na kira Yaya Garba. Ya ce shi bai san zancen wata tukunya ba, shi irin malaman gona yake shukawa mai wata uku, in tambayi matan gida. Na kira ƙanwata Asabe. Da na ce tukunyar Inna, sai ta fashe da kuka.

Sadakar arba'in ɗinki ce. Asabe ta zo daga birni, ta duba shinkafar da ke rumbu ta ga duk tsakuwa da ƙaiƙayi. Tana share ɗakinki ta ci karo da tukunyar, ta fasa lakar, ta ga ƙwaya tsaf-tsaf, ba ko ɗaya mai aibi. Kin san ta, tun tana yarinya ba ta shiga fadama, ba ta san abin da take kallo ba. Ta wanke tokar, ta jiƙa, ta turara duka, ta shanya, ta kai inji. Cikin kuka take ce mini, "Yaya, na ga ita ce mafi tsabta a gidan, na ce ita ta dace da Inna." Me zan ce mata? Don son ki ta yi. Na kashe wayar.

Ban haƙura ba. Na tuna kina ba mata mudu-mudu idan sun roƙa. Na matsa wa Yaya Garba har ya hau babur ya bi ƙauyukan ƙetaren kogi, yana mita yana cewa ina Saudiyya cikin sanyin na'ura ina aiken sa rana. Gida-gida ya bi. Wasu sun rasu, wasu 'ya'yansu sun koma sabon iri tuntuni. Wata tsohuwa ta ce masa, "Ai mu ba ma ajiyewa, in tamu ta ƙare wurin Hauwa muke zuwa." Kowa ya dogara da ƙarƙashin gadonki, Inna.

Ashe Asabe ta rage mini mudu guda. Ta ƙulle a leda ta naɗe da tsohon zanenki, ta ba wata mai zuwa Umra, ita kuma ta ba wani direba ɗan Damagaram da ke zirga-zirga tsakanin Makka da nan. A tashar Batha ya miƙo mini ta taga. Na rungume ƙullin a motar kamfani har ɗaki kamar wanda aka ba jariri.

Da na kwance, ƙamshin ɗakinki ne ya fara fitowa, hayaƙi da man kaɗanya. Na zuba a faranti. Ja ce, gajera, kamar yadda na san ta. Ketut ya sunkuya yana juya ta da yatsa, sai ya yi tsalle. "Sadik! Jijih! Jijih!" Sadik yake ce mini, wato aboki da Larabci. Ya tsinto 'yan ƙwayoyin da suka tsere wa inji da ɓawonsu. Murna yake ta yi. Su a garinsu ba a turara shinkafa, bai san an riga an dafa ta a cikin rigarta ba. Ni na sani. Na buɗe baki zan gaya masa, sai na rufe. Na ce wa kaina wataƙila akwai wadda ta maƙale a gefen tukunya tururi bai same ta ba.

Ya samo robar nono, ya shimfiɗa tsumma a ciki, ya jiƙa, ya jera ƙwayoyin, ya rufe. Kullum kafin motar aiki ta zo mukan buɗe mu leƙa, ƙato da ƙato, kawunanmu na karo. Suka kumbura, muka yi murna. Sai suka fara wari, farin gashi ya rufe su. Ranar da na gaya masa gaskiyar turarawa, ya daɗe yana kallon robar. Shi ya fita da ita, don ya ga ba zan iya ba. Ranar na yi kukan da ban samu yi ba ranar da aka kai ki, a zaune a bakin katifa, da rigar aiki a jikina.

Sauran kuwa na sa a firji na hana kowa taɓawa. Nakan buɗe in duba in rufe. Wata da watanni ina haka, har Ketut ya gaji da ni. Ya ce, da guntun Larabcinsa, "Sadik, wannan baas ce. Hanyar gona ta rufe mata, tukunya kawai take jira." Na ji haushinsa ƙwarai, don na san ke ma da haka za ki ce, kuma da kin haɗa da zagi. Ba ki taɓa yarda a ajiye abinci don kallo ba.

Yau Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, na dafa ta. Ban bar kuku ya taɓa ba. Na yi garau-garau da wake, da mai da yaji, yadda kike yi mana ranar girbi. Na kira direban nan ɗan Damagaram da wasu 'yan Kano biyu masu aikin gini da ke ƙasanmu, na ce sadakar mahaifiyata ce. Muka zauna a ƙasa muka kewaye faranti ɗaya. Ketut ya dube ni ya dubi taga, na girgiza kai, na ce wannan ta Inna ce. Ya ce, "Tamam," ya wanke hannu ya zauna tare da mu.

Ba ta canza ba, Inna. Tana nan da taurinta da ɗan ɗanɗanon ƙasa-ƙasa ɗin nan. 'Yan Kano suna ci suna santi, ɗaya har yana tambaya a wane shago ake samunta, zai sayi buhu. Suka yi miki addu'a suka tashi. Na kankare gindin tukunyar da cokali na cinye, na wanke ta na kife.

Da la'asar na kira Asabe, karo na farko tun ranar nan. Na ce mata saƙo ya iso, kuma ta iya turara. Muka yi kuka tare, katin ya ƙare muna yi.

Hutuna ya kusa. Zan zo in tsaya a kan kabarinki, daga nan in gangara fadama. Gonar tana nan, ruwan zai zo kamar yadda ya saba. Ban san abin da zan zuba a cikinta ba. Kakarki ta ba kakata, kakata ta ba ki, kika tsare ta daga ambaliya da yunwa da ɓeraye da ni kaina, ta zo ta ƙare a bakina a wani ɗaki a Riyad, inda ko ciyawa sai an ja mata tiyo. Ina kewarki, Inna, kuma ban san yadda ake rasa uwa sau biyu ba sai bana.

Ya Allah, duk bakin da ya ci wannan shinkafa, ranar arba'in da yau da shekarun da suka wuce, Ka kai ladan kabarin Hauwa. Ka gafarta mata, Ka yalwata mata makwanci, Ka ciyar da ita abin da ya fi wanda ta ciyar da mu. Ka sanyaya zuciyar Asabe. Ni kuma Ka ba ni haƙurin shiga gonar nan hannu wofi. Amin.

Ɗanki da ya ci lomar ƙarshe,
Sule
Riyad